Zuwa Ga Bakanon Da Ya Kashe Tsohonsa A Takarda

Bakano, bawan Zazzagawa, ina gajiya? Kai ya kamata ka tako ka zo ka durƙusa, amma na yafe, na san ba ka iya barin kanti kada ciniki ya wuce. Takardun nan biyu da ka aiko yaron nan da su in duba sun iso, haka ma saƙon da ka haɗo, wai a kai wa Bazazzagi tunda Zage-zagi ba su da sana'a sai karatu. Na ji, na gode. A nan zan ba ka amsa, domin in na zo kanti ba za ka bari in kai aya ba, ina cikin magana za ka katse ni ka ce wa wata Hajiya "shigo, akwai sabon kaya". Ba zan kama sunanka ba, 'yan layinku a Kasuwar Sheikh Gumi da maƙwabtanka na Unguwar Kanawa sun riga sun gane ka. Sunan yaron kuwa, ɗan farinka ne, tun ranar da aka raɗa masa ban taɓa jin ya fita daga bakinka ba, kullum "kai wannan" ko "ina yaron nan?" To ni wa ya aike ni?

Ga waɗanda ba su san zancen ba: yaron ya gama sakandare da kiredit ɗinsa cif, ya zauna jarrabawar JAMB, ya sami maki na fita kunya. Ana cikin jiran gurbi sai ɗan mai kantin da ke kallon na Alhaji ya tafi Ingila, ya turo hoto yana tsaye cikin ƙanƙara da rigar sanyi har gwiwa, uban kuma ya bi layi yana nuna wa mutane a waya. Daga ranar Alhaji ya yi sallama da barci. Mutumin da ya tashi yana jin "Kano ko da me ka zo an fi ka" ba zai zauna a fi shi ba, balle a layinsu. In ka tambaye shi dalili sai ya ce yajin aiki ne, ya tuna maka ASUU ta rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur. An yi haka, babu musu. Amma lokacin da ake yajin ban ji ka ce uffan ba, Alhaji, sai da hoton ƙanƙara ya zo.

Na gane abin da ya ɗaure maka kai. Mu a nan, neman jami'a harkar lambobi ce daga farko har ƙarshe. Tun da aka kafa JAMB a 1978, abin da ake so a wurin yaro shi ne maki. Yau ma ya tura lambar NIN ɗinsa zuwa 55019, a turo masa lambar buɗe fom, ya je cibiya ya dangwala yatsa, ya zaɓi darasi huɗu har da Turanci, ya zauna gaban kwamfuta, domin tun 2015 aka daina fensir da takarda, ya fito da wani abu cikin 400. Jami'a ta yi tata tantancewar, sannan a koma manhajar CAPS da aka kawo a 2017 ana leƙe safe da yamma ko suna ya fito. A jami'o'in tarayya ma an raba gurbin: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a boko. Kano na cikin wannan jerin na ƙarshe, ba abin mamaki ba ne. Kaduna ma na ciki, saboda yawan Kanawan da suka tare mana.

A duk tafiyar nan babu akwati ɗaya da aka ce wa yaro: faɗa mana kai wane ne, me kake so, don me. Ni ban ga laifin tsarin sosai ba. A 2025 yara kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Wa zai zauna ya karanta labarin rayuwar kowannensu? Kuma a ƙasar da alfarma ke shiga ta ƙofar allura, gara maki, don shi aƙalla bai san ɗan wa kake ba. Sai dai abin da ya haifar shi ne yaro ya kai shekara 18 bai taɓa rubuta shafi guda a kan kansa ba, ban da insha'in firamare: sunana wane, garinmu kaza, abincin da na fi so shinkafa da wake.

Ingila kuwa akwai wannan akwatin. Kusan duk mai neman digirin farko ta hukumar UCAS yake bi, ya zaɓi kwas har biyar, ya haɗa da takardar bayanin kai guda ɗaya tak wadda za ta je wa dukkansu. Haruffa 4,000 aka ba shi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato shafi ɗaya da 'yan layuka. A da fili ake bar maka ka zuba abin da ka ga dama, amma daga masu neman shiga a 2026 an raba shi tambaya uku: me ya sa kake son wannan karatun, yaya karatunka na baya ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen aji da zai amfane ka. Mai son likitanci ko Oxford ko Cambridge, 15 ga Oktoba ake rufe masa ƙofa, wata uku kafin sauran jama'a. Amurka ma haka, fom ɗinsu na bai ɗaya kalma 650 yake ba ka, ba ƙari. Tambayoyin ba su da wuya. Yaro suke tambaya, sai dai uban ne ya riga shi ɗaga hannu.

Mu fara da takarda ta farko, wadda ka zaunar da yaron a kan dilar atamfa kana shifta masa da Hausa yana mayarwa Turanci. Wallahi na adana ta, jikoki za su gani. Ta buɗe da gaisuwa da ban girma ga shugaban jami'a da malamai da iyalansu, da tambayar yaya sanyi. Daga nan aka shiga salsala: kakan kakan yaron bafatake ne mai kai jakai Gwanja ya sayo goro, kakansa yana da rumfa a Kurmi kafin a san Kantin Kwari, ubansa kuma, wato kai, yana da kanti biyu a Kaduna da gida mai bene, ya je Makka ya sake komawa. Na ƙirga, rabin haruffan sun ƙare ba a ambaci mai neman karatun ba. Da aka zo kansa sai ga abin da aka ce: yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga kai ya kalli babba, ba ya magana sai an tambaye shi, ba ya fita bayan magariba, ba ya shan komai. Alhaji, da gidan surukai za a kai wannan da tuni an sa rana. Amma mutanen da kake rubuta wa suna neman wanda zai ɗaga hannu a aji ya ce wa farfesa bai yarda ba, kai kuma ka rantse musu cewa ɗanka ba zai taɓa yi ba.

Ba ka tsaya nan ba. Ka sa an rubuta cewa duk duniya babu jami'ar da yaron ke mafarki sai Oxford, alhali takardar wuri biyar za ta je. Saurayi ne ya rubuta wasiƙa ɗaya, ya buga kwafi biyar, ya raba wa 'yan mata biyar, a kowace kuma ya bar sunan ta farko. Sannan layin ƙarshe, wanda ya tabbatar mini babu mai raba Bakano da halinsa: an roƙi jami'a ta duba zumunci ta faɗi gaskiyar kuɗin makarantar, nawa ne na ƙarshe, tunda akwai ƙanne a baya kuma in an ji daɗi za a dawo.

Yaron da kansa ya ce maka wannan ba za ta yi ba. Maimakon ka tambaye shi me zai yi, sai ka ja shi wani shagon kafe, ka yi ciniki har mai shagon ya gaji ya ce "kawo", aka buga muku ta biyu kafin a kira la'asar. Turancinta sumul, har da kalmomin da sai na ɗauko ƙamus. Ta fara da "tun ina ƙarami". Sai labari: wai yaron yana shekara bakwai kakansa ya kwanta ciwo a wani ƙauye mai nisa da babu asibiti, babu likita, babu mota, tsohon ya cika a hannunsa, shi kuma ya share hawaye ya yi alkawari sai ya zama likita.

Inna lillahi! Alhaji, wane kakan? Na wajen uwa dai kowa ya san shi, ga shi can Badarawa yana limanci. Saura Baba, mahaifinka. Da Sallar nan na je gaishe shi a cikin birni, na tarar ya gama da kwanon gurasa yana faɗan an rage masa ƙuli. Har yau da ƙafa yake zuwa masallaci, yana kuma leƙa kasuwa ya zagi yaran kanti. Ƙauyen da babu asibiti kuwa, daga ƙofar gidanku in mutum ya taka kaɗan ga Asibitin Murtala. Ka biya kuɗi, da hannunka, aka kashe maka uba a takarda, ka karɓi canji ka sa a aljihu. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya shirya masa ɗa.

Wanda aka ce ya yi alkawarin likitanci kuma, duk Babbar Sallah in za a yanka rago ɗaki yake shigewa ya rufe ƙofa. Kowa a gidanku ya sani.

Abin da mai kafe bai gaya maka ba shi ne, wannan kakan ya daɗe yana mutuwa a Ingila. A 2007 UCAS ta binciki takardu 50,000, ta tarar ɗaruruwan masu neman likitanci sun kwafo daga samfura uku da ke intanet. Mutum 370 sun buɗe da jimla iri ɗaya a kan yadda aikin jikin ɗan'adam ke burge su. Mutum 234 kowannensu ya ƙona rigar barcinsa yana shekara 8. Mutum 175 kuma kowa da tsohon kakansa marar lafiya. Bayan nan aka kawo manhajar da ke gwada kowace takarda da duk waɗanda suka gabace ta, in ta ga kama ta sanar da jami'o'in da aka nema. "Tun ina ƙarami" ɗin ma da kake jin daɗinta, a lissafin da hukumar ta fitar na masu nema a 2015, mutum 1,779 da ita suka buɗe, ita ce ta ɗaya a jerin jimlolin da aka fi maimaitawa. Yanzu kuma ga ChatGPT, wanda na tabbata shi ne ainihin marubucin da ka biya, hukumar ta riga ta yi gargaɗin cewa kwafo daga irinsa a miƙa a matsayin naka na iya zama maguɗi. Ko ma a ce ta tsallake duk wannan, makarantun likitanci suna kiran mutum ganawa. Za a dubi yaron a ce, ba mu labarin ranar da kakanka ya rasu. Yaron da ka yi wa tarbiyyar ba ya ƙarya, me kake so ya ce?

Ban ɗora maka laifin duka ba. An ce yabon kai jahilci, da wannan aka yi renonmu. Bahaushe ba ya faɗin alherinsa, akwai masu wannan aikin, maroƙa da sanƙira, a ba su kuɗi su faɗa yana sunkuyar da kai yana murmushi. Uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, ɗan fari kuwa ko kallon kirki ba ya samu. Waɗanda al'ada ta yarje wa su yi wa kansu kirari ba su da yawa: ɗan dambe, maharbi, ɗan tauri, sai kuma Kanawa da suka ba wa kansu izini. Don haka da aka ce maka ana son yaro ya yi magana a kan kansa, abu biyu kawai ka sani, ko kirari ko maroƙi, sai ka gwada duka biyun. Mutanen nan ba yabo suke nema ba. Wanda ke karanta ɗaruruwan takardu a mako ya ƙoshi da "ni haziƙi ne, ni jajirtacce ne". Yana so ya ji me ka yi, yaushe, me ya fito, me ka gane daga ciki. Wanda ya ce "na yi kaza, ya lalace, na gyara" bai yabi kansa ba, bayani ya yi, kuma ko gaban Sarki ana yin bayani ba a ce mutum ya yi rashin kunya.

Na san abin da za ka ce, wai Bazazzagi ne zai koya wa wani barin alfahari. To mu in mun yi, da hujja muke yi. Kwalejin Katsina da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, nan Kaduna ta dawo a 1938, ta wuce Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Malam Aminu Kano da kuke taƙama da shi, a Kwalejin Kaduna ya yi karatu kafin ya tafi Landan. Janar Murtala sai da ya sha ruwan Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, Bayero ɗinku kuma kwaleji ce a ƙarƙashinta, sai 1977 aka yaye ta ta tsaya da ƙafarta. Ka ga ke nan aiko takarda wurina ba sabon abu ka yi ba, gado ne.

Da na gama dariya na ajiye takardun, na ce wa yaron ya zauna. Ban tambaye shi burinsa ba, don na san amsar da ka haddace masa. Na ce ya gaya mini abin da yake yi ranar Asabar. Ya ce kanti. Na ce me yake yi a kantin? Ya ce ba komai. Haka muka yi ta ja, ina tambaya yana "ba komai", har labarin ya fara fitowa.

Ashe a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta ɓace mutane suna kwana a layin banki, kai ka rantse ba ka karɓar tiransifa, kuɗin da ba ka lasa yatsa ka ƙirga ba ba kuɗi ba ne. Ciniki ya tsaya. Yaron nan, yana aji huɗu a sakandare, shi ya lallaɓa ka ka yarda. A makon farko wani ya nuna masa saƙon banki na bogi ya tafi da turmi biyu, ka yi masa faɗan da har 'yan layin takalma suka ji. Bai yi zuciya ba. Ya kafa doka: kaya ba sa fita sai ya buɗe asusun da idonsa ya ga kuɗin sun zauna, ya kuma koya wa yaran kantunan kusa yadda ake gane na bogi. Daga nan ya ɗauki littafin bashinka, wannan mai baƙin bango da kai kaɗai ke iya karanta shi, ya kwashe shi cikin waya, suna da rana da adadi. Da ya jera sai ya ga abin da kai ba ka taɓa gani ba: masu ɗaukar kayan Sallah bashi, in an tuna musu kafin wata ya ƙare suna biya, in aka bari ya kwana biyu sai a shiga "Allah Ya hore". Ya kuma lissafa wata shadda da kake alfahari da ita, ya haɗa kuɗin mota daga Kano da na dako da watannin da take yi a kan kanta, ya nuna maka faɗuwa kake yi. Ka ce yaro bai san kasuwa ba. Bayan Sallah ka daina saro ta, shiru, ba ka ce masa komai ba.

Na tambaye shi me ya fi tsaya masa a rai. Ya ce har yau yana mamakin yadda shawarar da aka yanke a Babban Banki a Abuja ta hana mai ɗanwaken bakin kasuwa sayar da kwano ɗaya, kuma tun lokacin yake bin duk abin da ya samu a kan yadda kuɗi ke yawo. Wannan yaron tattalin arziki yake so ya karanta, ko aikin akanta. Ya ce ya taɓa gaya maka, ka ce ɗan wane likita zai zama, naka ba zai ƙare a mai ƙirga kuɗin wasu ba.

Na ce ya rubuta wannan. Ya zaro ido, ya ce kai ka hana, wai kada Turawa su ji yana zaman kanti su raina mu, zancen turmi biyun nan kuwa ko a gida an hana tayar da shi. Alhaji, Margaret Thatcher da ta mulki Ingila daga 1979 zuwa 1990 'yar mai kantin kayan masarufi ce a garin Grantham, a saman kantin aka rene ta, daga nan ta tafi Oxford, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba, da shi ma take yaƙin zaɓe. Da ta zo Nijeriya a 1988 har hawan daba kuka yi mata a Kano. Kun hau dawaki don 'yar mai kanti, ga ɗan mai kanti a gidanka kana jin kunyarsa. Turmi biyun da aka damfare shi kuwa su ne mafi tsada a duk takardar, domin babu wani yaro a duniya da zai zo da su, kuma mai kafe ba shi da su a kwamfutarsa.

Ga yadda muka yi da shi. Ya fara rubutawa da Hausa, yadda ya faɗa mini, sannan ya juya da Turancin da ya iya, ba wanda zai aro ba. Kowace kalma da ba zai iya faɗa da bakinsa a gaban mutum ba, ya cire. Labarin kanti ya tafi tambaya ta uku da wani ɓangare na ta farko, ta biyu kuma ya cika ta da abin da ya koya a lissafi da tattalin arziki, wanda Allah Ya sa ya ɗauka a WAEC duk da ka tura shi ajin kimiyya, domin jami'o'in Ingila sun fi damuwa da karatun kansa fiye da labari. Ya karanta wa malaminsa da zai rubuta masa shaida. Kai kuma an yanke maka aiki ɗaya: ka yi shiru.

Saura maganar da na san za ta fi shiga kunnenka. Kuɗin can da fam ake biya, ɗan waje kuma ninkin na ɗan ƙasa yake biya, ka kuma san inda Naira ta kwana tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Jami'o'i da yawa a can ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye sai ya yi shekarar share fage, wato ƙarin shekara, ƙarin fam. Ofishin biza zai so ya ga kuɗin sun kwanta a asusu, ba a cikin diloli ba. Kai da ke kashe fankar kanti in babu mai saye, ina ka ga zuciyar wannan? In ra'ayina kake so, ya yi digirin farko a gida. Ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, kan Titin Tafawa Ɓalewa, Keke Napep ɗaya daga gidanka, kuma a 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗinta daga Naira 150,000 zuwa 105,000. Ga uwa ma ba da mama, Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru. In duk an rasa, to, Bayero ma jami'a ce. Sai dai darussan likitanci da ka sa ya zaɓa a JAMB ba za su kai shi tattalin arziki ba, can lissafi da tattalin arzikin ake nema, don haka fom ɗin baɗi yana wuyanka. Kada ka tambaye su ragi.

Takardar da ya rubuta ba za ta tafi a banza ba. Digiri na biyu shi ne inda ake samun mai biya: Chevening ta gwamnatin Birtaniya, wadda ke gudana tun 1983, tana neman shekara biyu ta aiki da amsoshi a rubuce a kan shugabanci da abin da mutum zai dawo ya yi, ga na Commonwealth, ga na PTDF, kowanne sai ka yi bayanin kanka. Ko a nan gida, shirin horar da matasa na Kashim Ibrahim da aka fara a 2018 sai da rubutu ake shiga. Na ma san ka sa ido a kan tallafin Kano, tun da ka ji an ware gurbi 1,001 na karatun waje a 2023. Shi ya sa yaron da aka haifa a Kaduna, ya yi rarrafe a Unguwar Kanawa, bai san hanyar Dala ba sai da ɗan rakiya, kake shirin kai shi ƙaramar hukumarku a yanko masa takardar asali. In tallafi ne kai Bakano, in rangwamen 'yan jiha ne kai ɗan Kaduna. Mun gani, muna kallo.

Kafin nan, ka shirya ka hau mota a Kawo ranar Juma'a, ka je ka durƙusa gaban Baba ka yi masa bayani da bakinka, don akwai mai karanta masa jarida a unguwar, kuma ka san sandarsa ba ado ba ce. Ni kuma na sa yaron ya buɗe sabon shafi a littafin bashin da ke wayarsa, da sunanka a sama: kuɗin sharar bara, na bana, da ladan gyaran takarda. Ya ce bisa abin da ya gani a lissafinsa irin wannan bashin ba a barinsa ya kwana, don haka zai riƙa tuna maka duk Asabar, a gaban 'yan layi.